Yadda Nake Gyara Ƙoton Ƙarya Har Kifi Ya Yarda da Shi

Akwai wani ɗan kifin katako a akwatina da fentin bayansa ya kusa ƙarewa, ido ɗaya ya fita, cikinsa duk sawun haƙori. A duk kayan fatsata babu wanda ya kai shi kamo mini kifi. Amma ranar da na fara jefa shi a ruwa, sabo fil daga kwali, kifi uku suka kai masa cafka, ukun nan duka suka kuɓuce tun ban ga bayansu ba. Na koma gida raina a ɓace, na zauna na ɗora shi a tafin hannu ina juya shi. Daga wannan dare zuwa yau abu uku kawai na taɓa a jikinsa: ƙugiyoyinsa da zobbansu, 'yar wayar hancinsa inda ake ɗaura zare, da ɗan yankin dalma da na manna masa a ƙirji. Launinsa kuwa yana nan yadda ya zo, sai abin da haƙoran kifi suka kankare.

Na fara da labarinsa ne saboda yawancin masu son gyara ƙoton ƙarya da fenti suke farawa, ni kuwa fenti ne na ƙarshe a wurina. Ƙoton ƙarya nake ce wa duk abin da aka ƙera don ya yaudari kifi ba tare da tana ko ɗan kifi mai rai ba, na katako ne, na roba mai tauri, na roba mai laushi, ko na ƙarfe mai siffar cokali. Masana'anta tana ƙera shi ne don ruwan kowa da kowa. Kai kuma ruwa ɗaya ka sani, ka san zurfinsa, ka san lokacin da yake damewa da lokacin da yake kwanciya, ka san irin ƙananan kifayen da manya ke bi a cikinsa. Gyara shi ne ka cike wannan tazara da hannunka.

Sana'ar ma da irin wannan taɓe-taɓe ta bunƙasa. A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, da ke su a tafkin Paijanne, ya lura cewa idan babban kifi ya faɗa cikin garken ƙanana, ba kowanne yake ɗauka ba, wanda ke tangaɗi yana tafiya a karkace shi yake warewa. Sai ya sassaƙa ɓawon itace marar nauyi, irin wanda ake toshiyar kwalba da shi, ya naɗe shi da takardar azurfa ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe samansa don kada ruwa ya shiga. Motsin mai rauni ya kwaikwaya. Duk gyaran da zan faɗa maka a ƙasa, wannan motsi nake nema da shi, sannan in tabbata idan kifi ya cafka ba zai saki ba.

Ƙugiya tukuna

Ɗauki ƙoton, ka ɗora tsinin ƙugiyarsa a kan farcen babban yatsanka, ka ja a hankali ba tare da dannawa ba. In ta kama farcen ta tsaya, tana da kaifi. In ta zame sumul, to haka za ta zame a bakin kifi. Na sha samun sabon ƙoto da ƙugiyarsa ta kasa wannan gwaji tun daga kwali, kuma ko mai kaifin ce, bugun dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa tsininta. Shi ya sa ƙaramin magagari ba ya barin aljihuna. Ina goga tsinin ta gefe uku, hannu yana tafiya waje ɗaya, ba gaba da baya ba, sau uku ko huɗu a kowane gefe. Kada ka ci ƙarfen da yawa, tsini mai siriri ƙwarai yana naɗewa a ƙashin baki. Wurin da ka goga ka cire masa rufin da ke hana tsatsa, don haka sai ka shafa masa tawadar baƙin alƙalamin maka mai kama jiki, zai ɗan jinkirta ta. Ƙugiyar da tsatsa ta riga ta ci cikinta kuwa ba ta gyaruwa, cire ta kawai.

Sauya ƙugiya ya fi wasa ta buƙatar tunani. Lambobinta a juye suke: lamba 8 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, lamba 4 ta fi lamba 1 ƙanƙanta, daga nan lissafi ya miƙe, 1/0, 2/0, 3/0, kowace ta fi ta bayanta girma. Kuma lamba 4 ta wannan kamfani ba lalle ta yi daidai da lamba 4 ta wancan ba, sai ka jera su ka gani da ido. Ƙugiya ba abin kamu kaɗai ba ce a jikin ƙoto, nauyi ce da ke rataye a ƙarƙashinsa tana daidaita shi kamar yadda kaya ke daidaita kwalekwale. In ka sa wadda ta fi ta asali nauyi, tangaɗinsa zai ragu, mai tasowa ma yana iya komawa mai nitsewa. In ka sa marar nauyi, yana iya riƙa kifewa idan ka ja da sauri. Ni nakan ƙara girma da lamba ɗaya kawai, kuma wadda ke rataye a cikin ƙoton nake fara ƙarawa, domin kifi mai farauta sau da yawa ta gefe ko ta kai yake kai hari. Bayan ka sa, kama ta ciki da ta wutsiya ka matso da su kusa. In suna iya sarƙewa da juna a hannunka, za su sarƙe a iska, ka yi jifa mai kyau ka jawo ƙoto a naɗe.

Sai maganar mai baki uku da mai baki ɗaya. Mai baki uku tana saurin kama kifin da ya ɗan taɓa kawai. Amma ƙarfin fizgarka yana rabuwa a tsini biyu ko uku, kuma idan tsini ɗaya ya shiga, sauran suna zame wa kifi abin banƙara ya ɓalle. Kifi mai taurin baki kamar tsage, wanda bakinsa ƙashi ne da haƙora, kuma yana tsalle yana girgiza kai, na fi samun sa da mai baki ɗaya mai ƙarfi. Tana shiga da zurfi, ba ta yawan kwaso ciyawa, kuma cire ta daga bakin kifi ba ya yi masa ɓarna. In za ka sauya, nemi wadda faɗin bakinta ya kusa faɗin mai baki ukun gaba ɗaya, kuma wadda idonta ke layi ɗaya da tsininta, don ta kwanta daidai da jikin ƙoton. Ta ciki tsininta ya dubi gaba da ƙasa, ta wutsiya ya dubi sama.

Kada ka manta da ɗan zoben da ke haɗa ƙugiya da jiki. Shi ne mafi arha a cikin kayan, shi ne kuma ke yawan cin amana. Wata rana wani babban kifi ya ja ni har na ji sandar tana ƙara a hannuna, sai kawai zare ya saki. Da na naɗo, ƙoto na nan, ƙullina na nan, ƙugiyar wutsiya ce babu, zoben ya miƙe kamar an ware shi da hannu. Na ji zafin wannan kifi ƙwarai, domin da bakinsa ya tafi da ƙugiya. Tun daga ranar duk ƙoton da zan jefa wa manya sai na sauya zobbansa da masu kauri na ƙarfen da ba ya tsatsa. Akwai filaya ta musamman mai ɗan haƙori a baki don buɗe su, ka neme ta. Buɗewa da wuƙa ko farce yana ware zoben ya bar ƙofa, kuma nan ne ƙugiya ke shiga yatsa. A wurin da nake sakin kifi bayan kamu, ina matse ƙayar ƙugiya, wato ɗan tsinin da ke hana ta fita, da filaya ta kwanta. In zare bai yi sako-sako ba, kifi ba ya fita, kuma ranar da ta shiga hannunka za ka gode wa Allah da ka matse ta.

Tafiyarsa a ruwa

Yanzu je bakin ruwa inda kake iya ganin ƙoto. Jefa shi kusa, kamar mita 10, ka nuna shi da bakin sanda, ka naɗo da ɗan sauri. Ya kamata ya taho maka a miƙe. In yana zamewa hagu ko dama, ko yana kwanciya a gefe yana nuna ciki, 'yar wayar hancinsa ce ta karkace. Kama ta da filaya mai siririn baki ka tura ta ɓangaren da ba nan yake zamewa ba: in hagu yake yi, tura ta dama. Ka tura ta gaba ɗaya daga gindi, kada ka murɗa ta. Kuma kaɗan nake nufi, kaɗan ƙwarai. In idonka ya ga ta motsa, ka wuce gona da iri. Danna, jefa, duba, sake dannawa. Wani ƙoton sau biyar nake yi masa haka kafin ya miƙe. Amfaninsa ba kyan gani ba ne kawai, wanda ke tafiya a miƙe shi ke kaiwa iyakar zurfin da aka ƙera shi ya kai.

Da ka iya wannan, kana iya karkatar da shi da gangan. Ina da guda ɗaya da na bari yana zamewa dama, na yi masa alama a leɓen da ke gaban bakinsa, don idan ina bin gefen gaɓa mai inuwa ya riƙa kutsawa ƙarƙashin saiwoyi inda jifa ba ta kaiwa.

Ƙulli ma yana cikin gyara, ko da yake ba a jikin ƙoto yake ba. In ka ɗaure zare mai kauri tam a hancin ƙaramin ƙoto, ka riƙe masa kai ke nan, ba zai yi rawa ba. Yi masa ƙulli mai barin ɗan zagaye, ko ka sa ƙaramin zobe a hancin ka ɗaura a kansa.

Leɓen da ke gaban bakinsa shi ke tura shi ƙasa, shi ke kuma ba shi tangaɗi. Dogon leɓe da ya miƙe gaba yana nitsar da shi can ƙasa. Gajere da ya sunkuya ƙasa yana barin sa kusa da sama. Mai faɗi yana ba da rawa mai faɗi, siriri yana ba da karkarwa ƙanana masu sauri, mai kusurwa huɗu kuma yana buga kututture ya kauce maimakon ya maƙale. Ana iya rage leɓe da magagari, amma abin da ka ci ba ya dawowa, don haka ba na yin sa sai a ƙoton da nake da irinsa biyu. Nakan zana layi da maka tukuna don gefe biyu su yi daidai, in ci kamar milimita ɗaya, in je in gwada.

Nauyi, inda na fi daɗewa

A nan ne ɗan kifin katakon nan ya zama abin da ya zama. Da farko in na dakata da ja, sai ya yi sama da gudu kamar toshiya. Ɗan kifi mai rauni ba ya yin haka. Yana ɗan zabura, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ya sake zabura. A wannan tsayawa ce mafarauci ke yanke shawara. Na sha ganin kifi ya biyo ƙoto har kusa da ƙafata, ina dakatawa ƙoton ya tashi, shi kuma ya juya ya tafi. Abin da nake so shi ne ƙoton da zai rataye a inda na bar shi, ko ya riƙa tasowa a hankali ƙwarai.

Ga yadda nake yi. Ina cika bokiti mai zurfi da ruwa, in sa wa ƙoton duk abin da zai shiga ruwa da shi, ƙugiyoyi, zobba, har 'yar wayar kare zare daga haƙori in zan yi amfani da ita, domin ita ma nauyi ce a hancinsa. Sai in yanko siririyar dalma mai faɗi, in manna ta na wucin gadi a ƙirjinsa, tsakanin leɓe da ƙugiyar ciki, a kan tsakiyar layin ciki daidai. In tura shi ƙasan bokiti da yatsa in saki. In ya nitse, in aske dalmar kaɗan da wuƙa. In ya taso da sauri, in ƙara. Ina ƙirga tasowarsa a raina. Wanda ke ɗaukar daƙiƙa biyar ko shida kafin ya taso kamu ɗaya, shi ne nawa. Sai na gamsu sannan in manne ta da gam mai ƙarfi in shafe samanta. In ba ka son manna komai a jiki, naɗa siririyar waya mai nauyi a wuyan ƙugiyar ciki, zagaye-zagaye, kana iya ƙarawa ko warewa a bakin ruwa. Sai dai kada ka cika wuyan har ta toshe bakin ƙugiyar.

Wurin da ka sa nauyi ya kai yawansa muhimmanci. A ƙirji, hanci yana ɗan sunkuyawa, leɓe ya kama ruwa da wuri, ƙoto ya ƙara zurfi. A tsakiya, yana tsayawa a kwance kamar kifin gaske. A wutsiya, jifa tana ƙara nisa amma rawa tana mutuwa, don wutsiyar ce ke kaɗawa. Ƙoton da ke tafiya a saman ruwa ne kawai nake sa wa nauyi a baya, don ya zauna da hanci sama ya riƙa juyawa hagu da dama in ana fizgar sa.

Akwai abin da bokiti ke ɓoye maka. Ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi nauyi, yana kai ƙololuwar nauyinsa a kusan digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, don haka ƙoton da ya rataye daidai a ruwan sanyi yana iya nitsewa a hankali a ruwan ɗumi. Gishiri ma haka: lita ɗaya ta ruwan teku tana kai kimanin gram 1,025, ta ruwan daɗi kusan 1,000. Bambancin kamar ba komai, amma ƙoton da aka daidaita a kan gaɓar tashi da nitsewa wannan ɗan bambanci ke juya shi. Shi ya sa nake barin nawa da ɗan saura na tasowa, in ƙarasa daidaitawa da waya a ruwan da zan yi su a ranar. Mai tasowa a hankali yana kuma ceton kansa: in ya bugi itace ka saki zare, sai ya ja da baya ya taso.

Dalma guba ce, wannan ba abin wasa ba ne. Kada ka matse ta da haƙori, ka wanke hannu bayan ka taɓa ta, kada yara su yi wasa da askinta. Wadda ta ɓace a ruwa tsuntsaye suna haɗiye ta tare da tsakuwa. A Ingila an hana amfani da dalmar fatsa mai nauyin gram 0.06 zuwa 28.35 tun 1987, bayan da ta yi ta kashe manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya. Ka bincika dokar inda kake. Akwai madadi: ƙarfen tangistin ya fi ta nauyi, kusan gram 19 a dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri inda dalma ke da 11.3, don haka ɗan ƙarami ya ishe ka. Wayar tagulla ba ta kai ta nauyi ba, sai ka ƙara zagaye, amma tana aiki sarai a wuyan ƙugiya.

Ƙoton cokali da mai juyawa, wato mai ɗan faifan ƙarfe da ke zagayawa in an ja shi, gyaransu ba ya cin lokaci. Ƙoton cokali tsoho ne, Julio Buel ya yi rajistar nasa a Amurka tun 1852, kuma har yau lanƙwasarsa ce ransa. Ƙara masa lanƙwasa da hannu ko da filayar da ka naɗe bakinta da tsumma, zai yi rawa mai faɗi ko da kana ja a hankali. Miƙar da shi kaɗan, zai yi nisa a jifa ya jure ruwa mai gudu. In ya dushe, man goge haƙori da tsumma suna dawo da ƙyallinsa. Mai juyawa, irin wanda injiniyan Faransa André Meulnart ya ƙera a 1938 aka san shi da sunan Mepps, faifansa ake sauyawa. Faifai mai faɗi zagayayye yana bugun ruwa da ƙarfi, yana ɗaga ƙoto sama, ya dace da ruwan da ya dame da ja a hankali. Dogo siriri mai siffar ganye ya fi walƙiya, ya fi ratsa ciyawa, ya fi son gudu. Dukansu biyu suna murɗe zare, sa musu ɗan ƙarfe mai juyawa a gaba.

Wannan bugun ruwa da na ambata, kifi yana jin sa a jikinsa. Akwai layi a gefensa daga kai zuwa wutsiya mai ɗauke da ƙananan gaɓoɓin jin motsin ruwa, da shi yake farauta cikin duhu da laka. Saboda haka a ruwan da ya dame nakan so ƙoto mai caki. Ana huda ƙaramin rami a bayan na roba mai rami a ciki, a jefa ƙwallayen boris biyu ko uku, a toshe da gam mai haɗi biyu, a koma bokiti domin nauyi ya canza. Amma na fi yin akasin haka. A ruwa mai garau inda masu fatsa suka yi yawa, kowa yana jefa mai kacau-kacau, na ga kifi yana kaucewa da zarar ya ji. Sai in huda, in ɗiga gam mai saurin kamawa ya riƙe ƙwallayen a ƙasan ciki, in toshe. Ƙoton ya yi shiru, kuma a irin wannan ruwa shirun ya sha fi mini ƙarar amfani.

Launi

Ba na cewa launi ba ya aiki. Yana yi, amma ruwa ne ke yanke hukuncin abin da kifi zai gani. Ko a ruwa mai garau, ja ne ke fara ɓacewa, daga kimanin mita 5 ya fara komawa duhu-duhu. Ruwan goro ya bi shi, sai rawaya, sai kore, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. A ruwan laka kuwa haske gaba ɗaya ba ya nisa, abin da ya rage shi ne bambancin duhu da haske. Don haka tambayata ba wane launi ya fi kyau ba, tambayata ita ce daga ina kifi zai hango shi. In daga ƙasa zai ɗago kai, cikin ƙoton yake gani a jikin hasken sama, duk zanen da ke bayansa na idon mai saye ne. Da dare ko da asuba baƙi wuluk ya fi fitowa, domin shi ke yanke siffa sosai a kan ɗan hasken da ke sama. A rana tsaka da ruwa mai garau ina rage ƙyalli, har nakan bi jikin mai walƙiya da samfefa mai laushi don ya dushe, saboda walƙiya mai yawa tana korar kifin da ya saba da mutane.

Kayan aikina a nan kaɗan ne: maka baƙi da ja masu kama jiki, da jan farce kala biyu ko uku. Baƙin layi a gadon baya, 'yan zane-zane a tsaye a gefe in ƙananan kifayen ruwan suna da su, ɗan ja a gefen kai wurin da kifi ke numfashi in ƙoton na ruwa marar zurfi ne, da ido babba mai baƙin tsakiya. Kafin ka zana komai, kamo ɗan kifi ɗaya daga ruwan ka ɗora shi kusa da ƙoton ka kalle su tare. Za ka ga sau da yawa girman ne ma bai yi daidai ba. Jan farce yana cin wasu robobi, gwada ɗigo a wurin da ba ya gani tukuna. In ka rufe da gam mai haɗi biyu, yi shafe ɗaya siriri, kana juya ƙoton har ya fara kamawa don kada ya taru a gefe ɗaya, kada kuma ya shiga idon waya. Shi ma nauyi ne, sai an sake komawa bokiti.

Gashin wutsiya yana tsakanin launi da motsi, kuma ina son sa. Ɗauki gashin tsuntsu mai laushi guda biyu ko uku, farare, ka ɗora a wuyan ƙugiyar wutsiya, tsawonsu ya wuce ƙugiyar da kamar tsawonta ɗaya. Naɗe gindinsu da jan zare tam, ka ƙulle, ka ɗiga gam. Lokacin da ƙoto ya tsaya cak, gashin nan yana ci gaba da buɗewa yana rufewa shi kaɗai, kamar abu mai numfashi. In ya yi yawa yana riƙe wutsiya ya kashe rawa, sai ka rage da almakashi.

Roba mai laushi, wadda ta yaɗu bayan tanar roba da Nick Creme ya fara zubawa a jihar Ohayo ta Amurka a 1949, ita ce mafi sauƙin gyara. In kifi yana cizon wutsiya yana barin ƙugiya, yanke santimita ɗaya ko biyu daga kai, ba daga wutsiya ba. In wutsiyar ta lanƙwashe a ajiya, tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka rataye ta a miƙe ta huce. Ƙaramar ƙusa da aka cusa a kan tanar roba tana sa ta sauka da ka, wutsiya tana rawa a sama. Wadda ta yage a hanci, ɗigon gam ya mayar da ita aiki. Sai dai ka raba musu ma'ajiya: irin wannan roba tana narkar da fentin ƙoto mai tauri in sun daɗe a manne, kuma robobi iri biyu daban suna iya narkar da juna, launi kuma yana zuba daga wannan zuwa wancan.

Duk wannan aiki, in ka yi shi gaba ɗaya a rana ɗaya, ba za ka san wanne ya yi amfani ba. Ni ina sayen ƙoto biyu iri ɗaya, in bar ɗaya yadda ya zo, in canza abu ɗaya tak a ɗayan. A bakin ruwa ina ba kowanne jifa 20, in sauya, a wuri ɗaya, da irin ja ɗaya. Rana ɗaya ba ta isa shaida ba, sai na maimaita a fita uku ko huɗu kafin in taɓa abu na biyu. Ina da ɗan littafi a murfin akwati inda nake rubuta yanayin ruwa, lokaci, abin da na canza, cafka nawa, kamu nawa. Cafka da kamu daban nake rubuta su: in cafka ta yi yawa kamu ya yi kaɗan, matsalar ƙugiya ce, in cafkar ce babu, sai in koma kan motsi da nauyi. A shafin ɗan kifin katakon nan, layin farko cafka uku ne, kamu babu. Layi na biyu, bayan sabbin ƙugiyoyi da zobba, cafka biyu, kamu biyu. Dalmar ƙirji ta zo ne a layi na biyar, kuma a gefensa na rubuta cewa duka kifayen ranar a lokacin tsayawa suka ɗauka, ɗaya ma sai da na ƙirga bakwai zare yana kwance a kan ruwa kafin ya miƙe.